Wai gidanmu gidan makanta ne: ina mafita, Anti?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, iyayena kuma suna ƙauye a jihar Jigawa. Ni ce auta. Shekara uku ke nan ganin Innarmu yana raguwa, yanzu sai da murya take gane mutum. Tsakiyar baƙin idonta ya yi fari kamar an ɗiga nono. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, shi ma ya makance tun bai fi shekara 50 da 'yan kai ba, amma shi idonsa garau yake, ba ka ganin komai a ciki. An kusa sa ranata, sai ga magana daga dangin wanda zan aura, wai gidanmu gidan makanta ne, kada a jawo musu iri. Babanmu ya ce tsufa ne a bar wa Allah, gwaggona ta ce jifa ne, yayana kuma yana so ya kawo wani mai aikin ido na gargajiya da ke zuwa ranar kasuwa. 'Yar yayan nawa mai shekara 9 an cire ta daga makaranta tana yi wa Inna jagora. Ni kaina na fara tsoro, ko ni ma haka zan ƙare? Ki taimake ni da shawara.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

Kafin mu je ko'ina, ɗauki waya yau ɗin nan ki kira yayanki, ki roƙe shi don girman Allah kada ya bari mutumin kasuwar nan ya taɓa idon Inna. Duk sauran maganganun za su iya jira har mako mai zuwa, wannan ce kaɗai ba ta jira. Zan faɗa miki dalili nan gaba. Idan kin gama wayar, dawo mu zauna.

Maganar "gidan makanta" ta ba ni haushi, kuma ta ba ni dariya. Ki tambayi kanki, mece ce dangantakar jini tsakanin Inna da Baffa? Sai dai idan auren zumunci aka yi, ita daga wani gida aka auro ta, shi kuma ɗan'uwan mijinta ne. Mutum biyu ne daga tsatso biyu, kuma yadda kika kwatanta idanunsu, alamu sun nuna cuta biyu ce mabambanta. Masu maganar sun ga sanda biyu a gida ɗaya ne kawai suka yanke hukunci.

Da za su leƙa nasu dangin da idon basira, da sun yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne a duniya ke da matsalar gani, ko na nesa ko na kusa, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalar tasu irin wadda za a iya hana aukuwarta ce, ko kuma tana da magani ba a dai yi ba. Waɗanda suka makance sosai, a ƙiyasin shekarar 2020, sun kai miliyan 43. Wajen kashi 90 cikin 100 na masu fama da rashin gani suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, irin tamu.

Bari na kawo miki shi gida. Tsakanin 2005 da 2007 an yi wani babban bincike a duk faɗin Najeriya, aka bi gari da ƙauye aka duba idanun mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, wato kusan mutum 1 a cikin kowane 24. A lissafin lokacin, sama da mutum miliyan 1 ke nan. Binciken ya kwana biyu, jama'a kuma sun ƙaru, amma hoton da ya nuna har yau shi muke gani a ƙauyukanmu. Arewa maso Gabas ce ta fi ko'ina, da kashi 6.1, Kudu maso Yamma kuma ta fi ƙaranci, da kashi 2.8. Idan kuma kawunan mutane ake ƙirgawa, yankinku na Arewa maso Yamma ne ke da makafi mafi yawa. To idan ana neman gidan makanta, sai a ce Arewa ce gaba ɗayanta, da gidanku da na surukan naki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken shi ne yadda makanta take zaɓen mutanenta. Tana bin shekaru: a tsakanin 'yan 40 zuwa 49 ba a samu ko mutum 1 cikin 100 ba, amma a tsakanin 'yan 80 zuwa sama an samu kusan 1 cikin 4. Tana bin talauci: waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba sun ninka waɗanda suka iya kusan sau huɗu. Ba wai rubutu ne ke tsare ido ba, a'a, wanda bai samu makaranta ba shi ne dai wanda ke nesa da asibiti, shi ne wanda kuɗin mota ke yi wa wuya. Sannan tana bin mata. A duniya, mata ne kashi 55 cikin 100 na masu rashin gani. Wani ɓangare saboda mata sun fi tsawon rai ne, amma ni da ke mun san ɗaya ɓangaren. Idan idon maigida ya fara dishi-dishi, akuya ake sayarwa a tafi birni. Idan na uwar gida ne, sai a ce ai tana cikin gida, ta san hanyar madafa da ta bayi, me za ta gani kuma? Tsohuwa ba ta tafiya sai da izini, sai da kuɗi, sai da mai rakiya, kuma ba ta son ta ɗora wa 'ya'yanta nauyi. Haka za ta zauna shekara uku, kamar dai Inna.

Ga kuma adadin da nake so ki haddace ki kai wa Baba: kashi 84 cikin 100 na makantar da aka samu a wancan bincike, da an tashi tsaye da an kauce mata ko an warkar da ita. Ba ni da ja da maganar Baba cewa komai na Allah ne. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi mu nemi magani, don Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ki faɗa masa haka cikin ladabi, ko mafi kyau ki sa limamin garin ko wani amininsa ya faɗa masa, don dattijo ya fi jin magana daga bakin tsaransa.

Yanzu idon Inna. Gani yana raguwa a hankali, babu ciwo, tsakiyar baƙin ido ya yi fari: wannan kwatancen yanar ido ne, ko da yake likita da na'urarsa ne zai tabbatar, don hakiya ma tana yin fari, sai dai ita a saman ido take zama. Yana ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, a Najeriya ma ita ce sanadin kashi 43 cikin 100. A cikin ido akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi wanda haske ke ratsawa. Da tsufa sai ya dushe, kamar gilashin fitilar ƙwai da hayaƙi ya turnuƙe. Ciwon suga da bugu a ido da shan taba suna gaggauta shi, amma ko babu su, duk wanda ya yi tsawon rai yana kan hanyar samunta, kamar furfura. Babu ɗigo ko tofi ko ganyen da ke wanke ta. Aiki ake yi, kuma yana cikin ayyukan tiyatar da aka fi yi aka fi cin nasara a duniya.

Tun da na san tsoron da ke zukatan tsofaffinmu, bari na faɗa miki yadda yake, don ki kwantar wa Inna da hankali. Ba a ƙwaƙule ido a ajiye a faranti, ba a kuma sa wa mutum idon akuya, duk zancen bakin rijiya ne. Za a fara auna mata jini da suga. Za a kashe zafin wurin da allura ko ɗigo, tana farke tana jin maganar likita. Sai a yi 'yar ƙaramar ƙofa a gefen ido, a fitar da abin da ya dushe, a sa wani na roba garai-garai a gurbinsa, wanda zai zauna har ƙarshen rayuwa. Yawanci ba ya wuce rabin awa. A rufe idon da filasta, washegari a buɗe. Ido ɗaya ake fara yi, ɗayan sai daga baya. Sai ɗigon magani na 'yan makonni, da nisantar hayaƙin murhu da ƙura da murza ido. Ki tambayi likitan yadda za ta yi da sujada da alwala a kwanakin farko, don na san ita ce tambayar da za ta fi damun Inna kuma kunya za ta hana ta yi.

Na taɓa raka wata gwaggona aka yi mata. Shekara huɗu tana zaune a kan tabarma ɗaya a ƙofar ɗaki, idan za ta sha koko sai ta sa ɗan yatsa a bakin kofi ta ji inda ya kai. Da safen da za a cire filasta, layi ne na tsofaffi a kan benci, kowa da farin abu a ido ɗaya, an yi tsit. Da ma'aikaciyar ta ɓare nata, sai ta yi ta ƙifce-ƙifce, ta ɗaga tafin hannunta ta juya shi gaba da baya tana kallo kamar na wani. Can ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ke, yaushe kika yi wannan ƙibar?" Da muka koma gida ko zama ba ta yi ba ta fara faɗa wai an bar mata tsakar gida kamar juji. Matan gidan har yau suna cewa da sun sani da sun share tun jiya.

To ga dalilin da na ce a tsayar da mutumin kasuwa. Shi ba ya fitar da yanar. Wani tsinke ko allura yake sokawa a ido ya ture ta ta faɗa can ciki. Nan take haske zai shiga, tsohuwa ta ce ta ga inuwar hannu, jama'a su yi kabbara, a biya shi ya kama hanya. Bayan kwana biyu ko wata biyu sai kumburi, sai ciwo, sai idon ya mutu, shi kuwa yana wata kasuwar. Ko da an yi sa'a babu ciwo, idon ya rasa gilashinsa kuma ba a sa wani ba, don haka gani ba zai yi kyau ba sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba. A binciken nan da na ambata, fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana, irin wannan aikin gargajiya aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu an same su a makance. Idon da ke da yana yana jiran likita. Idon da aka tsokane sau da yawa ya fi ƙarfin likita. Haka kuma kada a ɗiga mata nono, ko ruwan albasa, ko fitsari, ko wani ɗigon da mai kemis ya miƙo ba tare da takardar likita ba. Wasu daga cikin ɗigon nan masu saurin kwantar da jan ido, idan aka daɗe ana sa su, su kansu suna jawo yana da hawan jinin ido.

Wuraren zuwa kuwa ba su ɓuya ba. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943, akwai Asibitin Ido na Makkah, akwai sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ki fara da sashen ido na babban asibitin da ya fi kusa da ku, ki tambayi kuɗin aiki da na magani tun farko, ki kuma sa kunne a rediyo, don ana yawan shelar aikin ido kyauta ko da rangwame. Amma kada jiran na kyauta ya cinye wata shekarar. Ku 'ya'yanta ku yi karo-karo. Idan kun iya haɗa kuɗin kayan ɗaki, za ku iya haɗa na ido.

Na Baffa ne ya fi sa ni tunani, kuma a nan ba zan ɓoye miki gaskiya ba. Ido garau, mutum bai tsufa ba, gani ya tafi: abin da ake fara zargi shi ne hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Wannan sunan kan ruɗa mutane, su ɗauka ɗan'uwan hawan jini ne. Ruwan da ke cikin ido ne ba ya samun hanyar fita yadda ya kamata, sai ya matse jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Yawanci babu ciwo, babu ja, babu hawaye. Daga gefe take fara ci. Za ki ga tela yana zura zare a allura tsaf, amma yana karo da ƙyauren shago, ko mai babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba, a yi ta ce masa bai da natsuwa. Kafin ya ankara saura ɗan rami yake leƙen duniya ta ciki. Abin da ta cinye ba ya dawowa, duk ƙwarewar likita. Ita ce ta biyu wajen makantar da 'yan Najeriya, kusan kashi 17 cikin 100. Kusan mutum 1 cikin 20 na 'yan shekara 40 zuwa sama yana da ita, kuma cikin masu ita ba su kai 6 cikin 100 ba waɗanda suka san suna ɗauke da ita. Ta fi kama baƙar fata, ta fi kama mu da wuri.

Ita kam tana bin jini. Idan aka tabbatar ita ce ta kama Baffa, to 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa sun fi sauran mutane haɗari. Kin ga ke nan mutumin da ya fi kowa buƙatar gwaji a gidanku shi ne Baba, mai cewa a bar wa Allah. Ku sa shi a motar da za ta kai Inna, ku ce rakiya zai yi, in an je a duba shi. A tafi da Baffa ma, don a san sunan abin da ya same shi, kuma idan akwai sauran gani ko kaɗan ne a tsare masa shi. Bin jini ba ya nufin dole ne. Yana nufin a riƙa dubawa. Idan aka kama ta da wuri, ɗigon magani kullum, ko aiki, kan riƙe ganin mutum har tsufansa. Sharaɗin dai shi ne ba a daina ɗigon don an ji sauƙi, tun da dama ba a jin ciwo.

Ke kuma ki je a duba ki, a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa jijiyar. Ba ya ɗaukar lokaci, ba ya zafi. Ki gaya musu akwai wanda ya makance da wuri a dangin mahaifinki, su za su faɗa miki bayan wane lokaci za ki riƙa komawa. Idan kin kai shekara 40 kika ga kina nisanta littafi kafin ki karanta, kada gabanki ya faɗi, wannan kowa ma yana yi, tabarau na karatu ne maganinsa. Mutum miliyan 826 ne a duniya ke fama da wannan kawai don ba su da tabarau, har da ɗinbin malamai da teloli da masu tsintar shinkafa da suka ajiye sana'a suna cewa ido ya gaji.

Wani abu da zai ƙarfafa miki gwiwa: makantar da kakanninmu suka ɗauka ƙaddarar gari ce, ana korar ta a kan idonmu. Amosanin ido, wanda ke sa gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar har ta mutu, ya fi cin mata saboda su ke rungume da yara masu kwantsa, kuma ya yi yawa a yankunanmu masu ƙura da ƙarancin ruwa. Da wanke fuska da tsabta da rabon magani da ɗan ƙaramin aiki a fatar ido, Ghana ta rabu da shi a 2018, Mali da Benin a 2023. Makantar bakin kogi da ƙudan nan baƙi ke yaɗawa, wadda ta taɓa tayar da ƙauyuka sukutum, maƙwabciyarmu Nijar ta zama ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da ita, a farkon 2025. Babu wanda ya karya sihiri a waɗannan wurare. Ki faɗa wa gwaggo haka, amma da murmushi.

Maganar aure kuwa, ba da dangi za ki yi ta ba, da shi za ki yi. Kada ki je kina rantse-rantse kina kare gidanku kamar mai laifi. Bayan an duba ku, ki zaunar da shi ki ce: na Inna yana ce, ta tsufa, an yi aiki ko za a yi. Na Baffa ga abin da likita ya ce. Ni an duba ni ga sakamako. Yanzu mutane sun saba da gwajin jini kafin aure saboda sikila, don haka ba baƙon abu ba ne. Sai ki yi shiru ki ga abin da zai yi da maganar. Idan ya tsaya ya fahimtar da iyayensa, kin samu miji. Idan kuwa ya fara kame-kame, gara ki gani yanzu da ranar da ke ce a kwance, don wanda ya gudu saboda idon surukarsa ba zai tsaya wa naki ba. Ba ina zuga ki ki fasa ba ne. Sau da yawa irin wannan magana daga bakin tsohuwa ɗaya take fitowa, kuma idan ta ga Inna ta shigo da ƙafarta ranar biki tana gaisa da kowa da sunansa, ita ce za ta fara cewa dama ita ba ta ce komai ba.

Ko da ganin Baffa bai dawo ba, kada gidan ya mayar da shi kayan ajiya. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, shi ne ladanin Annabi tare da Bilal, saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa, kuma an sha bar masa riƙon Madina idan an fita. A bar wa Baffa kayansa inda ya saba ajiyewa, a daina barin turmi da bokiti a kan hanyarsa, wanda ya shigo ya faɗi sunansa, wanda zai fita ya ce ya fita don kada ya yi ta magana da bango. A riƙa shawara da shi, ido ya rasa ba hankali ba.

Sai yarinyar nan. A duk wasiƙarki ita ce wadda babu mai kuka dominta, alhali ita ma makantar ta ci ta, idonta biyu. Ke malama ce, kin san abin da zangon karatu ɗaya ke yi wa 'yar shekara 9, balle shekara. Kada a jira sai an yi wa Inna aiki. A ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayi da wurin alwala, a kawar da abin tuntuɓe, matan gidan su karɓi sauran hidimar bi da bi, yarinya ta ɗauki jakarta ranar Litinin. Wannan ma ki haɗa a wayar da za ki yi wa yayanki, tun da 'yarsa ce.

Ranar tafiya asibiti ku yi sammako, don layin kati yana cika da wuri. Ku tafi da duk maganin da Inna da Baba ke sha, da abin karyawa, da mayafi mai kauri ko baƙin tabarau, saboda ɗigon da ake sawa kafin a leƙa cikin ido yana sa hasken rana ya dami mutum na wasu awanni. Idan an cire filasta, ki rubuto mini abin da Inna ta fara cewa.